Kafin Malam Ya Ce Ɗalibai Ba Sa Tunani

A Mafoni, kamar sauran tsoffin unguwannin Maiduguri, ciwon haƙori ba da asibiti yake farawa ba. Da kanumfari ake fara tarbarsa, a tura cikin kogon, ko a kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Idan aka kwana bai lafa ba, da safe a aiki yaro kemis ya karɓo Amoxil da Flagyl da ƙwayar kashe zafi, a sha na kwana biyu, kumburi ya saɓe, a ajiye sauran a kan taga. Wani ma ƙwayar asfirin yake dannawa a jikin dasashi, ta ƙone naman wurin har ya yi fari fat. Sai ciwon ya dawo karo na uku ko na huɗu, kunci ya haye, baki ya ƙi buɗuwa, sannan a tari Keke Napep a nufi asibiti. Abin da mai ciwon zai faɗa tun daga bakin ƙofa kuwa kusan ɗaya ne kullum: a cire masa shi ya huta.

Idan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya nufa, mai yiwuwa hannun da zai fara sa madubi a bakinsa na ɗalibi ne ɗan aji biyar ko shida, malaminsa na tsaye a bayansa. 'Yar maganar da za ta gudana tsakanin malamin da ɗalibin kafin a ɗauko allurar kashe zafi, ita ke ƙera irin likitan da Borno za ta samu nan da shekara goma. Ita ce kuma aka fi sakaci da dubawa, a nan da ko'ina.

Garin da ya taso daga Mafoni da Yerwa tun 1907 sai da ya shafe kusan ƙarni guda kafin ya fara horar da likitan haƙori nasa na kansa. Legas ta buɗe makarantarta a 1966, Ibadan da Ife da Benin suka bi baya a shekarun 1970. An kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, Shugaba Shehu Shagari ya buɗe asibitin koyarwarta a 1983, amma sai a farkon shekarun 2000 tsangayar likitancin haƙori ta samu, ta farko a duk Arewa, kafin Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe tata. Malaman da suka riƙe wannan tsangaya sun riƙe ta cikin shekarun tashin bama-bamai, da duhun da garin ya shiga bayan an karya turakun lantarki na hanyar Damaturu a 2021, da ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 da ta shiga har cikin asibitin. Wanda ya san cewa kujerar likitan haƙori ba ta motsi sai da wuta da ruwa, ya san ba ƙaramin aiki suka yi ba. Don haka abin da za a faɗa a nan ba zargi ba ne a kan wata makaranta. Magana ce a kan ɗabi'ar koyarwa da kowane malami ya gada daga nasa malamin.

Kukan da malaman likitanci suka fi yi a Najeriya sananne ne: yaran yanzu hadda kawai suka iya, a tambaye su abin da ke cikin takardar lacca su zubo shi tiryan-tiryan, a juya tambayar kaɗan su yi tsuru-tsuru. Akwai gaskiya a ciki. Yaron da ya taso daga firamare yana maimaita abin da aka rubuta a allo, ya haye WAEC da JAMB da haddar tsoffin tambayoyi, ba zai wayi gari a aji huɗu na jami'a ya zama mai auna hujja ba. Sai dai kafin malam ya yanke wannan hukunci, akwai tambayar da ta hau kansa shi ma. A makon da ya wuce, tambaya nawa ya yi wa ɗalibansa wadda hadda ba za ta iya amsawa ba? Da ya yi tambayar, ya jira amsa?

Wannan ta biyun kamar wasa, amma an auna ta. A farkon shekarun 1970 wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta saurari kaset-kaset na darussan da aka naɗa a azuzuwa, tana ƙirga tsawon shirun da malami ke yi bayan ya jefa tambaya. Ta tarar yawanci bai fi daƙiƙa ɗaya ba. Kafin yaro ya haɗa magana a ransa, malam ya amsa wa kansa ko ya nuna wani. Da aka horar da malaman su yi haƙurin daƙiƙa uku zuwa sama, sai amsoshi suka yi tsawo, masu ɗaga hannu suka ƙaru, yaran da aka ɗauka ba su da kai suka fara magana. A ƙananan makarantu ta yi aikinta, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a zagayen duba marasa lafiya ya san daƙiƙa ɗayar nan. A shekarar 2000 kuma Linda Behar-Horenstein da abokan aikinta a Jami'ar Florida suka zauna suna kallon yadda ake koyarwa a ɗakin duba haƙori, suka ga koyarwar da ke tilasta wa ɗalibi yin tunani ba ta cika faruwa ba. Wannan a makarantar da wuta ba ta ɗaukewa ke nan, kayan aiki kuma ba sa yankewa. Ashe ba talauci kaɗai ke kawo matsalar ba.

A ɗauki mai ciwon Mafoni ɗin nan a kan kujera. Ɗalibi ya duba, ya juyo ya ce, "Yallaɓai, turmin ƙasa ne na hagu, ya ruɓe." Malam ya leƙa, ya ce a yi hoto, a ba shi magani, ya dawo a cire. Ɗalibi ya ce to, ya rubuta. An yi daidai, mara lafiya bai cutu ba, amma ɗalibin bai koyi komai ba face cewa Yallaɓai ya san amsa. Wani malamin kuwa kafin ya leƙa bakin sai ya tsaya ya ce, "Kai me kake ganin za a yi masa?" Ya yi shiru. Idan ɗalibin ya ce a cire, ya ce masa me ya sa, me ya gani da ya hana a ceci haƙorin, wane magani mutumin ya riga ya sha, an auna jininsa da sugansa kuwa, yatsa nawa ke shiga bakin. Idan kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa har yana wahalar haɗiyar miyau, shin maganar cire haƙori ake yi ko maganar ceton numfashi? Duk wannan bai fi minti biyu ba. Likitocin iyali a Amurka sun tsara irin wannan hanya tun 1992 saboda malamin da marasa lafiya suka yi wa yawa: a sa ɗalibi ya tsaya a kan ra'ayi, a nemi hujjarsa, a ba shi ƙa'ida guda, a yaba inda ya dace, a gyara inda ya kauce.

Abin da ya sa wannan ya fi zama dole a Borno fiye da Florida shi ne, littattafan da ake karantawa yawancinsu a Ingila da Amurka da Indiya aka rubuta su, marasa lafiyar kuwa daga Gwange da Bulumkutu da Monguno suke zuwa. Yarinya ta zo da haƙora masu dabbare-dabbaren fari da ruwan ƙasa. Ɗalibin da ya saba da hadda zai ce rashin goge baki ne, ko goro, ko furen da mata ke rina haƙora da shi, ya rubuta a kankare. Da an tambaye shi ruwan ina ta sha tun tana jaririya har ta kai shekara takwas, da ya tuna cewa sinadarin fuloraid da ake yabo a man goge baki, idan ya yi yawa a ruwan sha yakan ɓata haƙoran da ke tasowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin kowace lita, kuma an san garuruwa irin su Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe da wannan matsala. A garin da rabin unguwa ke shan ruwan burtsatse daga 'yan ga-ruwa, tambaya ce da ya kamata ta zauna a bakin kowane ɗalibi.

Haka dattijon da ya ce shi asuwaki yake yi sau biyar a rana, bai taɓa riƙe buroshi ba. Abu mafi sauƙi shi ne a ce masa ya daina ya sayi buroshi, ya ce to, ya fita ya ci gaba da abinsa. Abin da ya fi amfani shi ne ɗalibi ya duba bakin ya ga inda asuwakin ke kaiwa da inda ba ya kaiwa, musamman bayan haƙora da tsakankaninsu, ya ga ko yawan dirzawa ya janye dasashi, sannan ya ba da shawarar da mutumin zai iya bi. Ko kanumfarin nan da ake yi wa kallon maganin tsofaffi, man da ke cikinsa ne ake kira yujinol, wanda likitocin haƙori suka daɗe suna kwaɓawa su yi cikon wucin gadi. Malamin da ya tambayi ajinsa me ya sa kanumfari ke kwantar da zafi amma ba ya hana ƙurji taruwa, ya koyar da darasi uku a tambaya ɗaya.

Akwai kuma inda rashin tunani ke cin rai. Uwa ta kawo yaro ɗan shekara uku, ramamme, bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, dasashinsa na jini, bakinsa na wari. Ita a wurinta haƙori ne yake fitarwa, ko kuma iska ce. Wannan na iya zama matakin farko na cutar noma, wadda cikin 'yan kwanaki take cinye kunci da leɓe, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta tana kashe kusan tara cikin goma na yaran da ba su sami magani ba. A matakin farko kuwa maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki sun isa su tare ta. Akwai asibiti guda na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa aka shigar da ita jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamban 2023. A jihar da tamowa ta yi katutu a sansanonin 'yan gudun hijira, ɗalibin da aka saba tambayarsa "in ba abin da kake zato ba ne fa, me kuma zai iya zama?" shi ne zai tsaya ya sake duban yaron. Shi ne kuma zai ga yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura cikin mako biyu, haƙoransa na girgiɗi ba tare da ruɓa ba, ya tuna da sankarar da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, maimakon ya kama cire haƙora ɗaya bayan ɗaya.

To ta yaya malam zai san ko wane iri ne shi a cikin malaman nan biyu, mai ba da amsa da mai yin tambaya? Ba ta hanyar zama ya yi tunani a ofis kaɗai ba, domin kowa a ransa malamin kirki ne. Wani nazari da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga a 2006, wanda ya tattara binciken da aka yi a baya, ya nuna cewa likitoci ba su cika iya auna ƙwarewar kansu daidai ba idan aka gwada da abin da mai kallo daga waje ya gani. Saboda haka hisabin kai yana bukatar shaida. Wayar da ke aljihun malam ta isa. Ya naɗi muryar laccarsa guda, ko tattaunawar da yake yi da ɗalibai bayan an sallami marasa lafiya, ya koma gida ya saurara da biro a hannu. Ya ja layi duk inda ya yi tambaya. Ya ware waɗanda amsarsu suna ne ko lamba ko jeri, da waɗanda ke neman dalili. Ya duba agogo ya ga tsawon shirunsa. Ya lura da su wa suka yi magana, ko 'yan gaban nan uku ne kullum, ko 'yan matan da ke gefe sun sami ko da dama ɗaya. Wanda ya yi wannan sau ɗaya da gaskiya, da wuya ya sake shiga aji kamar yadda ya saba.

Wajen kujera kuma abin lura daban ne. Sau nawa malam ke karɓe kayan aiki daga hannun ɗalibi ya ƙarasa da kansa ba tare da ya ce komai ba? Wani lokacin dole ne, lafiyar mara lafiya na gaba da darasi, babu mai jayayya da wannan. Amma bayan an gama, an koma an tambayi ɗalibin inda ya maƙale? Kuma yaya fuskar malam take idan ɗalibi ya ce bai sani ba? Wanda aka yi wa tsawa a gaban mara lafiya sau ɗaya ya koyi darasin da ba zai manta ba, wato ya ɓoye rashin saninsa. Wannan ɗalibin ne gobe za a tura babban asibitin Biu ko Bama yana hidimar ƙasa, shi kaɗai ne likitan haƙori a faɗin ƙaramar hukuma, ba na gaba da shi da zai tambaya. Idan ya saba ɓoye shakkarsa, a bakin mutane zai ɓoye ta.

Takardun jarrabawa su ma shaida ne da ba ya ƙarya. Malam ya ɗauko tambayoyinsa na shekara biyar ya jera. Idan duk "lissafa" ne da "bayyana ma'anar", to ɗalibai sun riga sun karanta shi tsaf, kuma ba su yi wauta ba da suka zaɓi hadda. Abin da ake ba maki shi ake koya.

Za a ce lokaci bai isa ba, malamai kaɗan ne, wasu sun tafi Saudiyya da Ingila, layin marasa lafiya kuma har waje. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya isa ya raina wannan nauyi. Amma daƙiƙa uku na shiru da tambaya guda ta "me ya sa" ba sa bukatar kasafin kuɗi. Uzurin da ya fi wannan ƙarfi shi ne na tarbiyya. A Borno da ƙasar Hausa yaro ba ya musu da babba, ɗalibi ba ya ɗaga ido ya ce wa malami yana ganin ba haka ba ne. Ɗabi'a ce mai kyau da ba wanda ke son a rasa. Sai dai daidai saboda haka ne nauyin ya koma kan malam, tunda ɗalibi ba zai taɓa fara buɗe wannan ƙofa da kansa ba. Malam ne zai ce, "Na ce a cire, waye ke ganin akwai wata hanya?" kuma idan wani ya yi ƙarfin hali ya amsa, a ga alamar jin daɗi a fuskarsa. Al'adar karatun ƙasar nan ma ba ta ƙi wannan ba. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka a tsangayun Borno yakan miƙa wa 'yan uwansa gwanaye su bi shi wasali bayan wasali, ba ya kuma ganin hakan ya rage masa daraja. Malamin asibiti da ya gayyaci abokin aikinsa ya zauna a bayan aji ya rubuta abin da ya gani, hanyar da aka sani ya bi.

Tarihin sana'ar kansa ya isa ya sa malami tawali'u. G.V. Black, wanda ake kira uban aikin cike haƙori na zamani, ya koyar a ƙarshen ƙarni na 19 cewa a faɗaɗa ramin da za a cike har cikin lafiyayyen haƙori don rigakafin ruɓa. Shekaru da dama ana haddace wannan ana cin jarrabawa da shi, yau kuwa ana koyar da a taɓa lafiyayyen haƙori kaɗan gwargwadon iko. A tsakiyar shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jo Frencken, yana aiki a Tanzaniya inda babu wuta babu injin huda haƙori, abin da aka sani kawai shi ne cirewa. Sai ya gwada kwashe ruɓar da ƙananan kayan hannu, ya cike ramin da wani siminti mai kama haƙori. Aka gwada hanyar a Tailan da Zimbabuwe, Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da ita ga duniya a 1994, yanzu tana cikin littattafan da ɗaliban Maiduguri ke karantawa. Ta fito ne daga mutumin da ya dubi halin da yake ciki ya tambayi kansa ko dole ne sai yadda aka koya masa. A Monguno ko Dikwa irin wannan tambayar ce ke jiran duk wanda aka tura.

Saura abin da ya fi ƙarfin malami ɗaya. A jami'o'in Najeriya takardun binciken da mutum ya wallafa ne suka fi nauyi wajen ƙarin girma, kyawun koyarwa kuwa da wuya a sami ma'aunin da ake auna shi. Hukumar kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa idan ta zo tantance makaranta tana duba yawan kujeru da ɗakunan gwaji da adadin malamai, abubuwan da ido ke gani, kuma wajibi ne a duba su. Amma kowace tsangaya, ta Maiduguri ko ta Kano ko wata, tana da ikon tsara wa kanta abu mai sauƙi ba tare da jiran Abuja ba: kowane zangon karatu malamai su haɗu biyu-biyu, kowa ya halarci darasin ɗan uwansa sau ɗaya a aji, sau ɗaya a gefen kujera, abin da aka gani ya tsaya tsakaninsu, kada ya shiga fayil ɗin kowa. Ɗalibai su ma a ba su takarda marar suna a ƙarshen kwas, da tambayoyin da suka shafi abin da ya faru a zahiri, kamar ko an taɓa neman ra'ayinsu kafin a faɗa musu amsa, da ko suna iya cewa ba su gane ba ba tare da fargaba ba. Farfesoshi da shugabannin sassa ne ya kamata su fara miƙa nasu darasin a duba, domin ƙaramin malamin da ya shigo jiya ba zai yarda a zauna masa a bayan aji ba sai ya ga an zauna wa na gaba da shi.